Maɓallan Kaka da Kuɗin Adashi

Wata 'yar'uwa ta rubuto daga Zariya: "Assalamu alaikum Anti. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina haɗa sarƙa da abin hannu da 'yan kunne na duwatsu. Abin da ya fitar da nawa daban shi ne tsofaffin maɓallai da na gada a gwangwanin kakata, Allah ya jiƙanta, wasu na tagulla masu zane, wasu farare masu sheƙi. Duwatsu kuwa ba na cika saye ba, muna da zaure a WhatsApp inda muke musaya, cokali da cokali. Saiti ɗaya N4,000 nake sayarwa, zare da ƙugiya da leda ba su wuce N700 ba, ribata N3,300 ke nan. Kaya ba sa kwana. Zan kwashi adashi N300,000, ina so in kama shago in kuma fara tura kaya Dubai da Ingila ta Instagram. Ya kika gani?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kaka. Ƙanwata, ajiye maganar Dubai tukuna, mu koma kan N3,300 ɗin nan da kika kira riba, don ni ban ga riba ba. Na ga mace tana sayar da gadonta da kaɗan-kaɗan, tana murna wai kasuwa ta buɗe.

A lissafinki kin sa zare, kin sa ƙugiya, har leda ba ki manta ba. Amma maɓallin da ya sa mutane ke rububin kayanki, nawa kika rubuta masa? Ko sisi. Saboda ba ki zaro kuɗi kin saye shi ba, sai kika ɗauka ba shi da farashi. To yana da shi, kuma farashinsa shi ne abin da za ki biya ranar da gwangwanin ya ƙare kika fita neman irinsa. A ce ɗaya N800 ne, kina sa uku a saiti, N2,400 ke nan. A ce duwatsun da kika jera sun kai N1,200. Haɗa da N700 ɗinki, an tashi N4,300. Ba a yi maganar awa uku ko huɗu da kika yi a duƙe kina zura zare ba, ba a yi maganar data da kuɗin adaidaita ba. Kina sayarwa N4,000. Shi ya sa kaya ba sa kwana: masu saye sun fi ki sanin abin da ke hannunki.

Musayar nan ma ita ce ta fi ci mini rai. Cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ba laifi ba ne, kakanninmu sun yi shi, amma sun san gishiri sun san manda. Cokali da cokali a gero ake yi, inda ƙwaya duk ɗaya ce. Dutsen ado ba haka yake ba. Akwai na roba da ake shigo da shi daga Sin buhu-buhu, ana sari da kilo. Akwai na gilashi da maƙeran Masaga ke narka kwalabe su yi a Bida, da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Akwai na mutanen Krobo a Gana da ake daka gilashi ya zama gari a gasa, wanda ake baje kolinsa a kasuwar duwatsu ta Koforidua ranar Alhamis. Akwai tsofaffin duwatsun Benis ta Italiya masu zanen furanni, waɗanda Turawa suka riƙa shigo da su Afirka ta Yamma tun kafin mulkin mallaka. Ga tsakiya, ga murjani. Duk waɗannan suna shiga cokali ɗaya, amma wani ƙwaya guda ya fi cikin leda na wani.

Na san wata baiwar Allah a nan Kano da ta gaji kwalla guda ta tarkacen ado daga uwar mijinta. A ciki akwai jan dutse da ya dushe, duk ya yi zane-zane, ba ya ɗaukar ido. 'Yar ƙanwar babarta, wadda suka tashi ɗaki ɗaya, ta ce, "Yaya, wannan tsohon yayi ne, kawo in rage miki, ga sababbi masu walƙiya." Ta kawo mata leda uku ta roba. Yaya har da godiya. Bayan wata biyu ta shiga Kurmi sayen zare, ta ga irin jan dutsen a rataye a rumfar wani dattijo, ta taya don wasa. Da ya faɗi kuɗin igiya ɗaya sai da ta nemi wurin zama. Murjani ne na gaske. Ba ta kai ƙara ba, wa za ta kai? Ita ta miƙa da hannunta. Yau shekara nawa ko a gidan biki ba sa haɗa tabarma. Kuma ban ce 'yan zaurenku macuta ba ne. Mai yiwuwa rabinsu ma ba su san abin da suke karɓa ba. Sauran rabin sun sani.

Ga aikin da nake so ki yi a makon nan. Juye gwangwanin a tire, ki ware kowane iri, ki ƙirga, ki rubuta a littafi. Gilashi da dutse suna da sanyi a kunci da nauyi a tafin hannu, roba ba ta da ko ɗaya. In kina shakka, ɗora allura a wuta ki taɓa ta cikin hudar, roba za ta narke ta yi wari. Fararen maɓallan nan masu sheƙi, in bayansu ba sumul yake ba kuma suna da sanyi, to da alama daga ɓawon kawar teku aka yanko su, ba irin na rigar makaranta ba ne. Sannan ki ɗebi samfuri ki shigo Kurmi, ki nuna wa dattawa uku a rumfuna daban-daban. Kada ki ce "nawa za ka saya". Ki ce "ina neman irin wannan, nawa za ka sayar mini". Amsar tambayar farko ta mai son ya karya ki ce, amsar tambaya ta biyun ita ce farashin da za ki rubuta.

Daga ranar, duk musayar da za ki yi ta bi ta kan naira. Nawa nawa ne, naki nawa ne, wadda kayanta suka gaza ta cika. Wadda ta ce kin faye son kuɗi, ki ce mata albarka. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, ko robar Sin ɗin ta daina araha, balle abin da ba a ƙera irinsa kuma.

Shago kuwa, a'a. Me za ki zuba a ciki in maɓallan sun ƙare nan da wata shida? Haya ba ta san gwangwani ya yi ƙasa ba. Ingila ma haka: ke da ba ki tsayar da farashi a Tudun Wada ba, kuɗin aika ƙunshi ɗaya zai iya fin kuɗin sarƙar, in ta tsinke a hanya kuma ke za ki biya. Hotunan masu cewa sun zama miloniya da wayar hannu sun ishe ni haka.

Daga adashin ki ware kamar N50,000 ki nemo inda maɓalli zai riƙa fitowa. 'Yan gwanjo na Ƙofar Wambai suna da tsofaffin kwat da suka yage, ba mai saye, amma maɓallansu lafiya lau. Ki yi ciniki da mutum ɗaya ya riƙa cire miki. Tsofaffin teloli ma kowanne yana da gwangwaninsa a ƙarƙashin keke. Ki raba kayanki biyu: na yau da kullum da duwatsun kasuwa a N4,000, da na maɓallan kaka wanda ba zai sauka ƙasa da ninki biyu ba, ki nufi masu haɗa lefe da shi. Wasu za su gudu, ki bar su. Sauran kuɗin ki bar shi inda hannu ba ya kaiwa da sauri, bayan wata uku ki turo mini hoton shafin littafin.

Maɓalli biyar da suka fi kyau kuma ki ƙulle su a tsumma ki jefa ƙasan akwati, na 'yarki ne.