Amsar gwaggonki kan ɓoyon ciki

Ɗiyata na ga saƙonki tun jiya, reso ne ya hana ni amsawa. Kin ce kin yi ɓatan wata, uwar mijinki ta ce ki ja bakinki, kar ki je awo sai ciki ya fito, wai haka al'ada take. Eh haka take, mu ma haka aka yi muna nan Tahoua, ga kunyar cikin fari ga tsoron bakin mutane, ni cikin yayanki har wata biyar ina musu ina ɗaura zane sama, Inna na kallona tana murmushi.

Maƙwabta kam ɓoye musu, ban hana ki ba. Amma sajfam, ungozomar asibiti, ba maƙwabciya ba ce, kuma kin san a matarnite, gidan haihuwa, na tsufa. Ga dalilin da ya sa ake son zuwa awo da wuri.

Mutum daga ƙwayar halitta guda yake farawa, ta yi ta rabuwa, kowace da littafi iri guda cikinta, shi ne ADN. To mi ya sa wagga ta zama ido waccan ta zama ƙashi? Da ikon Allah akwai wasu ƴan ma'aikata ciki, anzim ake ce musu, su ke bin littafin suna liƙa alama, wanga shafi a rufe shi wancan a karanta, kuma su ma ba sakaka suke ba, ana tada wani a kwantar da wani, kowa da lokacinshi. Alamar nan da ake kira metil, da sabon ADN ɗin kanshi, duk sai da wani bitamin, folik asid, jiki ke iya haɗa su. Wajen kwana 22 da shigar ciki zuciya ta fara bugawa, wajen kwana 28 bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya rufe, lokacin ke ko amai wataƙila ba ki fara ba. In folik ya yi ƙaranci bututun nan na iya ƙin rufewa. Na taɓa karɓar jariri bayanshi buɗe da ƙullutu kamar lemu, uwar na tambayata laifin mi ta yi, har yau ina ganin idonta.

Shi ya sa ma ake son mace ta fara shan folik asid tun kafin ciki, mikrogram 400 kullum. Ke dai gobe da sassafe sa hijabinki ki tafi CSI, ƙaramin asibitinku, za su ba ki ƙwayar ƙarin jini mai folik ciki, ki riƙa cin wake da zogale. Hajiya uwar mijinki kuma bar ni da ita, tare muka yi ƴanmatanci, zan kira ta bayan isha'i.