Me ya sa a kan gishiri ake gwajin gudun babur?

Malam, ka tambaya don me ba a kan kwalta suke yi ba. Kwalta ba ta da miƙaƙƙen tsawon da suke buƙata. Filin Bonneville da ke jihar Utah a Amurka tsohon tafki ne da ya ƙafe, gishiri ya daskare shimfiɗe kamar tabarma, ba kwana ba rami.

A can wani ɗan tseren babur, Rocky Robinson, ya yi kilomita 605 a awa a 2010, da babur mai injin Suzuki Hayabusa biyu, rufaffe kamar harsashi. Da wannan gudun, Kaduna zuwa Zariya wajen minti takwas ne. Kuma a wannan gwajin sai ka je ka dawo, a haɗa gudun zuwa da na dawowa a raba biyu, don kada iska ta tura ka. Ruwa na sauka, an fasa.