Ba duk hoton da aka rubuta wa "Bauchi" ne na garin Bauchi ba

Ƙanina, ka tambayi inda ake samun tsofaffin hotunan Bauchi, da kuma sahihancin hoton nan mai yawo a WhatsApp da aka ce tashar jirgin ƙasa ta Bauchi ce a 1930. Ni ma ya taɓa rufta ni, har na tura wa jama'a, sai da wani dattijo tsohon ma'aikacin reluwe a unguwarmu ta Jahun ya yi mini dariya.

A 1930 ko ƙarfen dogo bai iso garin nan ba. Sai 1961 jirgi ya zo Bauchi, Gombe 1963, Maiduguri 1964. Abin da Turawa suka kira Bauchi Light Railway siririn dogo ne daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, don kwasar kuza, aka rufe shi a 1957. Jos ɗin ma a lardin Bauchi take har 1926 da aka yanke lardin Filato. To hotunan wancan layin ba su san hanyar Ƙofar Ran ta garin Bauchi ba.

Wurin nema kuwa, shiga Flickr, shafin ajiye hotuna na intanet. A 2011 ma'ajiyar takardun tarihi ta Ingila ta zuba dubban hotunan ofishin mulkin mallaka a can, na Najeriya na ciki. Na ziyarar Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa Amurka a 1961 kuma suna shafin ɗakin karatu na Kennedy. Gwada rubuta sunayen yadda Bature ya ji su, har da "Bautshi".

Abin da ke damuna shi ne, a da labari da mai shi yake zuwa. Mai shelar sarki kowa ya san fuskarsa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara a 1939, kwafi ɗaya ake karanta wa zaure guda, wanda ya sani ya gyara nan take. Yanzu hoto kan zaga gari kafin la'asar, babu mai cewa ga inda ya samo shi.

Ni dai in na samu hoto, wankewa nake yi babba, don idon tsofaffi ba ya son waya, in kai majalisar bayan azahar. Ranar nan daga naɗin rawani kaɗai suka ce mini mutanen wani hoto ba 'yan garin nan ba ne.