Ƙafar sabuwar motata ta mutu tun ba a je ko'ina ba, sun ce garanti bai ɗauka ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Bara na sayi sabuwar akori-kura a leda da garantin shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Yanzu ko 30,000 bata kai ba amma shokozoba ta gaba ɓangaren direba tana tsiyayar mai, bushin sun cinye, sifirin na baya kuma ya kwanta, in na faɗa rami sai kaji gwaf. Na mayar wa waɗanda suka sayar mini suka ce wai kayan ƙafa dama cinyewa suke, garanti bai ɗauka ba. Gaskiya Malam da kaka nakan ɗora mata buhu 17 ko 18 na masara zuwa Dawanau, har na sa an ƙara mata ganyen sifirin ɗaya. Makanikena yace mu cire ƙarin ince ban taɓa lodi ba. Shin garantin ma halal ne? Kuma zan iya yin abinda yace tunda suma cutata zasu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri ɗan'uwa da ka faɗi maganar buhunan nan da bakinka, domin a kanta hukuncin yake.

Garantin da ya zo tare da cinikin halal ne, sharaɗi ne mai sayarwa ya ɗora wa kansa. Allah yace a farkon Suratul Ma'ida ku cika alƙawura, Annabi (SAW) kuma yace musulmi suna kan sharuɗɗansu, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito. Rashin sanin ko motar zata lalace ko a'a bai ɓata shi ba, saboda garantin yana bin cinikin ne, kuma ana yafe garar, wato rashin tabbas a ciniki, a abinda ya zo a biye. Wanda malamai suka yi saɓani a kai shine wanda ake saye daban da kuɗi daga baya, don ya yi kama da inshora.

To amma sharaɗi baki biyu gareshi, yadda ya hau kansu haka ya hau kanka. Irin waɗannan motoci ƙa'idarsu wajen tan ɗaya ne, har da kai da yaron mota a lissafin. Buhu 18 mai kilo 100 ya kama kilo 1,800, ka kusa ninka abinda aka yi ta domin shi kenan, a kan hanyar ƙauye mai ramuka. Sifirin ƙarfe ne, in ana danne shi fiye da kima kullum sai ya miƙe ya daina komawa. Wannan ɓarnar a hannunka ta faru, kuɗin gyaran sifirin na baya naka ne, ba ya halatta ka karɓi ko kwabo a kansa.

Shawarar makanikenka kuwa haramun ce ƙarara. Annabi (SAW) yace wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, yana Sahihu Muslim, kuma algus ba na mai sayarwa kaɗai bane, mai saye ma yana yi. Duk gyaran da aka maka da ƙarya cin dukiyar mutane ne da ɓarna, kuma shi makaniken yana da nasa kason na zunubi. Cewa suma zasu cuce ka bai buɗe maka wannan ƙofar ba. Balle ma masu aikin ba yara bane, akwai wata roba tsakanin jikin mota da aksul, in lodi ya yi yawa ita ke shan duka, da sun leƙa suka ganta a murƙushe sun gama karanta labarin.

Amma wallahi ban yarda su haɗa komai su ce maka "cinyewa suke" su sallame ka ba, nan ne nake so ka tsaya da ƙafarka. Eh, bushin da shokozoba suna ƙarewa da aiki kamar taya da birki, sai dai ƙarewa a lokacinta daban, mutuwa da wuri saboda aibin ƙira daban. Shokozoba ɗaya, a gaba, ɓangare guda, 'yar'uwarta lafiya lau, alhali nauyin buhu a baya yake sauka, wannan abin a bincika ne. Ko da babu garanti shari'a ta ba mai saye zaɓin aibi. A Risala, Ibn Abi Zaid ya kawo cewa wanda ya ga tsohon aibi a abinda ya saya, sannan wani sabon aibi mai nakasa shi ya same shi a hannunsa, yana da damar riƙewa ya karɓi ƙimar tsohon aibin. Kaga laifinka a baya bai goge haƙƙinka a gaba ba, in har ya tabbata aibin daga can ya taho.

Ni ba makanike bane, ba zan yanke maka daga nesa cewa shokozobar nan aibin kamfani bace, a irin wannan, fiƙihu yana komawa ga masana abin. Hujja kuma tana kan mai da'awa, kai kenan. Don haka kar ka bari a kwance komai tukuna. Ɗauki hoton man da yake tsiyaya da lambar kilomita, haɗa takardun sabis ɗinka, ka karanta littafin garantin da kyau ka ga me aka ware. In an rubuta ƙarara cewa sauya wani abu a ƙafar mota yana zubar da garantin ƙafar gaba ɗaya kuma ka sa hannu, to sharaɗin ya hau kanka, ba zasu gyara maka da sunan garanti ba, saura maganar tsohon aibi in ka iya tabbatarwa. In ba a rubuta ba, ka koma ka faɗa musu gaskiyar lodin da ƙarin ganyen, ka nemi su baka dalilin ƙi a rubuce, ku amince da injiniya ɗaya amintacce wanda ba naka ba ba nasu ba ya duba kowane ƙarfe daban. In yace aibin ƙira ne suka ƙi, ka kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ko kotu, babu laifi a kanka.

Kafin nan ka rage lodin zuwa buhu 8 ko 9, mota mai mataccen shokozoba bata kama ƙasa sosai in an taka birki, kuma akwai rayukan mutane a hanyar. Wallahu a'alam.