Hukuncin Karanta Littattafan Almara na Aljanu da Matsafa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Ƙanwata tana turo min sababbin littattafan almara ta WhatsApp, na gumurzun jarumai da aljanu da matsafa. Wasu sun burge ni, wasu kuwa kullum boka ne da nasara. Surukata ta ce ƙarya nake karantawa, zunubi nake ɗiba. Kuma gaskiya tun da na gama na ƙarshen, gabana faɗuwa yake in zan wuce tsamiyar bakin rijiya. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yata, ƙaryar da shari'a ta haramta ita ce mutum ya faɗi abin da bai faru ba don a ɗauka ya faru. Labarin da marubuci da mai karatu duk sun san ƙagagge ne bai shiga nan ba. Ita kanta surukar taki, da ta ce wa jikoki "ga ta nan ga ta nanku", ba wanda ya ce ta yi wa Gizo ƙage. Mu ma a zaure mun durƙusa gaban malamanmu mun karanta Muƙamatul Hariri, littafin hikayoyin Larabci na malam Hariri wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, alhali Abu Zaid ɗin da ake ba da labarinsa gwanin damfara ne, kuma hikayoyin shirya su aka yi. Saboda haka asalin karatun halal ne.

Wasu malamai sun tsananta, suna kafa hujja da "lahwal hadisi", wato zance mai shagaltarwa, a Suratu Luƙman, aya ta 6. Masu tafsiri sun kawo cewa Nadru ɗan Harisu yakan ba Ƙuraishawa labaran jaruman Farisa don ya janye su daga Alƙur'ani. Illar kenan: shagaltarwa. In littafi ya cinye cajin wayarki da darenki har Asuba ta kuɓuce, ya haramta gare ki, kome kyansa.

Maganar tsamiyar nan ta fi damuna. Littafin da ke nuna aljani ya san gaibu, ko boka na biyan buƙata, ki goge shi, kada ki tura wa kowa. Suratu Saba'i, aya ta 14, ta nuna aljanu na ta wahalar aiki ba su san Annabi Sulaimanu ya rasu ba, sai da gara ta ci sandarsa. Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Littafin da kuwa ya nuna tsafi ɓata ne, kuma babu batsa a ciki, ki karanta abinki.

Amma yanzu ki dakata da littattafan na ɗan lokaci har tsoron ya sake ki. Ki riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi safe da yamma, ki ɗauki tulunki ki wuce tsamiyar da bismilla. Surukarki kuma ki bi ta da lalama, ki daina karatun a gabanta. Wallahu a'alamu.