Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ƙa'idar da Aka Haddace Ba Ta Fitowa a Baki?

Tambaya: Ni malamar Turanci ce a wata ƙaramar sakandare a Gusau. Ɗalibaina sun haddace ƙa'idar ƙara "s" a ƙarshen aikatau idan mai aikin mutum ɗaya ne. A jarrabawar cike gurbi suna cinyewa, amma da an ce su rubuta insha'i sai "s" ɗin ta yi ɓatan dabo. Anya koyar da nahawu ba ɓata lokaci ba ne?

Amsa: Malama, ba ɓata lokaci ba ne, sai dai ƙa'idar da kika ambata tana cikin masu jinkirin zama a baki. A 1973 Roger Brown na Jami'ar Harvard ya fitar da sakamakon bibiyar yara uku masu tasowa da Turanci, inda ya nuna cewa ƙananan ɗafe-ɗafen nahawu 14 suna zuwa musu ne bi da bi, kuma wannan "s" tana cikin na baya-baya. Heidi Dulay da Marina Burt sun ga irin wannan jinkiri a 1974 wajen yara masu jin Sifaniyanci da Sinanci da ke koyon Turanci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wannan "s" ba ta ƙara wa jimla ma'ana, don wakilin suna ya riga ya faɗi wanda ke aikin. Ga Bahaushe kuma abin ya ninka: a Hausa lamirin da ke gaban aikatau ne ke ɗaukar wannan nauyi, "yana karatu", "suna karatu", ƙarshen kalmar bai motsa ba. Sannan harshenmu bai saba da baƙaƙe biyu a jere a ƙarshen kalma ba, sai kunne ya tsallake ta.

To a bar ƙa'ida a dogara da ji kawai? An gwada. Tun 1965 aka fara koyar da yara masu jin Turanci darussansu da Faransanci a Saint-Lambert, kusa da Montreal a Kanada. Bayan shekaru sun zama gwanayen fahimta, amma Merrill Swain ta nuna a 1985 cewa kurakuran nahawu sun maƙale musu a magana da rubutu. Mai sauraro yana iya gane zance daga manyan kalmomi da yanayi, ba tare da ya lura da ƙananan alamomi ba. Sai an sa shi ya gina jimla da kansa yake gane inda ya gaza. A 2000 John Norris da Lourdes Ortega sun haɗa bincike 49, suka ga bayyana ƙa'ida ƙarara ya fi barin ɗalibi ya tsinto ta da kansa, kodayake yawancin gwaje-gwajen irin na cike gurbi ne, wato irin wanda ɗalibanki suka riga suka iya.

Ga abin da muke ba da shawara. Ƙa'ida ɗaya tak a darasi, bayaninta kada ya wuce minti 10. Sai ki karanta musu labari mai jimla biyar ko shida sau biyu, game da abin da wani yake yi kullum, su zauna uku-uku su sake gina shi a rubuce, sannan su gwada da na asali. Wajen gyara, kada ki maimaita musu jimlar a gyare ki wuce. Roy Lyster da Leila Ranta sun lura a 1997 cewa wannan salo ne malamai suka fi amfani da shi, fiye da rabin gyaran da ake yi a aji, kuma shi ne ya fi ƙarancin sa ɗalibi ya gyara da bakinsa, don yakan ɗauka amincewa aka yi da maganarsa. Ki tsaya daidai gaban aikatau ki ce "sake", ya nemo da kansa. A dawo kan ƙa'idar bayan kwana biyu, bayan mako, bayan wata.

Tambaya: 'Yata mai shekara huɗu a da tana cewa "raguna" daidai, yanzu ta koma "ragogi" da "jakoki". Ci baya ne? (Wani mahaifi daga Maraɗi)

Amsa: Ci gaba ne, Malam. Da farko ta haddace "raguna" ne a dunƙule. Yanzu ta gano tsari: mota, motoci, tasha, tashoshi, taga, tagogi. Wannan shi ne jam'in da ya fi yaɗo a Hausa, shi ya sa baƙin kalmomi irin su ofis suke zama ofisoshi, ita kuma ta shimfiɗa shi a kan kowane suna. Jean Berko ta tabbatar da wannan hali a 1958: ta nuna wa yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai zanen wata halitta mai sunan ƙirƙira, suka ba ta jam'insa daidai alhali ba su taɓa jin kalmar ba. Kai ma ka gwada: zana wani abu ka ce sunansa "dinfa", ka ƙara biyu, ka ji abin da za ta kira su.

Tsawa ba ta da amfani a nan. Ka dai riƙa saka "raguna" cikin hirarku, za ta dawo hanya da kanta. Abin da ya cancanci a kai yaro asibiti, a fara da gwajin ji, shi ne ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba.

Tambaya: Me ke sa in karanta jimla, duk kalmomin na san su, amma sai na koma baya kafin in gane? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ƙwaƙwalwa ba ta jiran aya, tana gina jimla tun daga kalmar farko, tana bin hanya mafi sauƙi. Duba wannan: "Na sayi rago da kaza ta mutu." Ka fara ɗauka rago da kaza aka saya, sai "ta mutu" ta rushe ginin, dole ka koma ka karanta "da" a matsayin "lokacin da". Lyn Frazier da Keith Rayner sun auna motsin ido a 1982, suka ga ido yana cijewa a daidai irin wannan gurbi, sau da yawa ya juya baya.

Rubutun boko yana ƙara wahalar, tunda ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali: "ya zo" na "Audu ya zo" da na "ka ce ya zo" furucinsu daban, rubutunsu ɗaya. In kai ne marubucin, ka gabatar da sashen lokaci ka sa waƙafi: "Da kaza ta mutu, sai na sayi rago."