Kai yara aikin sa-kai wurin giwaye

Malama, kin tambayi yadda za ki kai yaranki aikin sa-kai gidan ceton giwaye. Duk inda ake hawan giwa ki kauce masa, domin da duka da ƙugiya ake horar da ita tun tana ƙarama. A Elephant Nature Park, kusa da Chiang Mai a Tailan, wanda Lek Chailert ta kafa, ba a hawa.

Aikin akwai gumi: yankan ciyawa, wanke ayaba da kankana, kwashe kashi da shebur. Giwa kan ci wajen kilo 150 a rana, kin ga kashin ba kaɗan ba. Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don a Maris hayaƙin ƙona gonaki yakan turnuƙe yankin. Ki tambayi ƙa'idar shekarun yara kafin ki sayi tikitin jirgi.